Zuwa Ga Bazazzagin Da Ya Feɗe Mota Don Sa Fitila

Dokta, ɗan gwaggona, bawana na gado. Ina gajiya, ina sanyin Manchesta? Yaya matarmu da yara, yaya kuma mai jiki? Kada ka ce mini wace mai jiki, ka san wadda nake nufi: baiwar Allahn nan da ke kwance a garejinka tun watan Disamba, babu fuska, babu tayun gaba. Allah ya ba ta lafiya, ya raba ta da hannun Zagezagi.

Na so in rufa maka asiri, don naka naka ne, ko ya ci namanka ba ya tauna ƙashi. To amma matarmu ta kawo ƙara har da hotuna, kuma aikin ubangida ne ya tsawata wa bawansa a gaban jama'a idan ya ɗauko abin da zai zubar da girman zuri'a. Saboda haka jama'a ku matso ku ji: mutumin nan ya kwance rabin mota, ya feɗe ta fiɗar ragon layya, don kawai ya ɗaura mata 'yan fitilu guda biyu.

Bari in fara gaya wa masu karatu irin motar, kada su zaci Corolla ce da yaron gareji zai ɓalle mata bamba kafin shayi ya huce. Sunanta Lotus Elise, ƙirar 1998, kujera biyu rak. A Hethel aka ƙera ta, wani ƙauye a yankin Norfolk na gabashin Ingila, a tsohon filin jiragen yaƙi da kamfanin ya koma a 1966. Wanda ya kafa kamfanin, Colin Chapman, ya rasu tun 1982, amma ya bar musu aƙida guda da suka riƙe gam: ƙara wa inji ƙarfi yana sa mota gudu a miƙaƙƙiyar hanya ne kaɗai, rage mata nauyi kuwa yana sa ta gudu a ko'ina, har a kwana. Da wannan aƙida Jim Clark ya ci musu gasar tseren duniya a 1963 da 1965.

An nuna Elise a bajekolin motoci na Farankfot a 1995, aka fara sayar da ita a 1996. Mai kamfanin na lokacin, wani Ba'italiye Romano Artioli, shi ya sa mata sunan jikarsa Elisa. Kai kuma da ka saye ta ka sake mata suna, wai Sarauniya Amina. Haba Dokta! Amina ta Zazzau garuruwa ta ci da yaƙi. Taka ko ƙofar gareji ba ta ci ba.

Abin da ya sa duniya ta san motar nan shi ne shasinta. Injiniya Richard Rackham da mutanensa ba su yi shi da ƙarfe ba, ba su kuma yi masa walda ba. Alminiyam suka yanka suka liƙa da gam mai ƙarfi, suka ƙara da kusoshi, ya tashi kilo 68 kacal. Motar gaba ɗaya kimanin kilo 725 ce. Injinta na Rover ne mai lita 1.8, ƙarfin doki 118, yana bayan direba. Ba wani babban inji ba ne, amma da yake ba shi da kayan ɗauka, yana kai ta gudun mil 60 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 6. Sitiyarinta da ƙarfin damtse ake murza shi, gilashin ƙofa da hannu ake naɗe shi, ƙasan da kake taka ƙafa alminiyam ne tsirara. Wato ka zuba kuɗi masu yawa an ba ka motar da aka kwashe komai daga cikinta. Bakano ba zai taɓa yin wannan ciniki ba. Mu idan mun biya, a cika mana mudu har da gyara.

Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kimanin mita 1.2 ne. Matarmu ta ce ranar Idi da ka dage sai ka je masallaci da ita, ka shiga da babbar riga da hula lafiya, amma wajen fitowa sai da ka dafa ƙasa da hannu biyu, hular ta yi nata wuri, wasu 'yan Pakistan suka taso da gudu sun zaci faɗuwa ka yi. Ga mata ga 'ya'ya huɗu, ka sayi mota mai kujera biyu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

To, injiniyoyi sun shekara suna auna kowane noti suna rage nauyi, sai ga Bazazzagi ya zo zai yi musu ƙari. Da na tambaye ka dalili ka ce mini wai hanyar Snake Pass ce, wadda ta ratsa duwatsu tsakanin Manchesta da Shefild, ga kwana-kwana, ga duhu, ga tumaki suna tsallakawa, kuma a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai na bincika wajen mai ɗakin. Ta ce ba ka fita da motar idan ana ruwa, wai kada ta jiƙe. Ba ka fita da ita da hunturu, wai gishirin da ake watsawa a titi zai cinye ta. Da dare kuwa ƙarfe tara kana kan kujera kana gyangyaɗi, labarai suna kallonka. Ashe fitilar lokacin da ba ka tuƙi kake nema. Wannan lissafi sai wanda ya yi digiri uku a tattalin arziki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Motocin da muka saba da su, gabansu gunduwa-gunduwa ne: bamba daban, bonet daban, madigadin hagu da na dama daban. Elise ba haka take ba. Bodinta na faiba ne, manyan ɓawo biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na gaban ya taso tun daga gindin gilashi har hanci, ya rufe saman tayu biyu, manyan fitilu da sigina duk a jikinsa suke. Sun yi haka ne don ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi araha ga ƙaramin kamfani da ba ya buga motoci dubu ɗari-ɗari. Amma kowane sauƙi da kuɗinsa. Mazaunin ƙarin fitilun yana cikin bakin motar ne, bayan raga, a jikin wani akwati da aka liƙa a gaban shasi don ya shanye karo idan an yi haɗari. Wasu motocin sun fito da fitilun tun daga kamfani, ga wanda ya ƙara kuɗi. Wanda ya fara sayen taka bai ƙara ba, da alama shi ma yana da dangi a Zariya. Ka gwada zura hannu ta bakin, hannun da ya ƙoshi da tuwon matarmu ya ƙi shiga. Daga nan ka yanke shawarar cire fuskar baki ɗaya.

Ka ce wa iyali aikin safiyar Asabar ne, daga asuba zuwa azahar ka gama, da la'asar a fita shan iska. Ga wanda ya iya, maganarka ba ta yi nisa da gaskiya ba, aikin 'yan awoyi ne. Amma ga wanda rabonsa da sifana tun yana gyara kacar keke a Tudun Wada, ai sai addu'a.

Matakin farko ɗaga mota. Ƙarƙashinta shafaffen falle ne na alminiyam, kuma akwai wurare ƙayyadaddu da aka yi wa alama inda ake kafa jak. Ka kafa a wani wuri daban, ka lotsa abin da ba a kai wa mai walda. Ga shi kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a baya yake, saboda inji, don haka idan aka ɗaga ta ba bisa ƙa'ida ba tana iya rinjaya. A nan Allah ya taimake ka da tsohon Baturen nan maƙwabcinka, wanda ya leƙo ta kan shinge ya daka maka tsawa kafin ka murza. Ina roƙon a gaishe mini da shi. Da ba don shi ba, da ta'aziyya nake rubutawa, ba zolaya ba.

Ka cire tayu, ka zo kan robobin da suka rufe cikin madigadi da notinan da ke ƙarƙashin hanci. Nan ka gamu da tsatsa. Mota ta haura shekara 25 a ƙasar da ake watsa gishiri a titi duk hunturu don ƙanƙara ta narke. Idan ƙarfe ya haɗu da alminiyam, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai su fara cin juna, wani farin gari ya fito, noti ya kama ya ƙi motsi. Maganinsa sananne ne: a fesa man kwance tsatsa tun daren jiya, a bar shi ya jiƙa, a sa soket mai kusurwa shida daidai kan notin, a murza gaba kaɗan baya kaɗan. Haƙuri ne kawai. Kai kuwa ka ɗauko filaya ka sa ƙarfi, kan notin ya mulmule. Sai ka kira ni a waya kana huci, wai yaya kanikawanmu na Ƙofar Ruwa suke yi. Na ce wuta suke sa masa ya saki. Kafin in rufe baki na ji kana tambayar inda aka ajiye ashana. Dokta, a motar ƙarfe ake wannan! Taka faiba ce da gam. Faiba tana ci da wuta, gam kuma zafi yana kashe shi. Da ban yi ihu ba, da garin neman gira an rasa ido, har da gareji da rabin gida. Ƙarshenta da dirila ka huda notinan ɗaya bayan ɗaya, azahar ta wuce, isha ta wuce, Lahadi ma ta wuce.

Sai notinan da ke saƙo tsakanin ƙofa da bodi, waɗanda ba a ganinsu sai an buɗe ƙofa an karkata kai. A bayansu akwai 'yan washa-washa da aka jera don fuskar ta zauna daidai da ƙofa. Ba ado ba ne. Da yake faiba ba ta fitowa daidai wa daida irin na ƙarfen da inji ya buga, kowace mota da hannu aka daidaita ta, na hagu yana iya bambanta da na dama. Mai hankali yakan ƙirga su, ya zuba kowane rukuni a ledarsa, ya rubuta inda ya fito, ya ɗauki hoto kafin ya taɓa. Kai da ka rubuta kundin digiri mai shafi ɗaruruwa, ka kasa rubuta hagu da dama a jikin leda. Ka tattara komai ka zuba a gwangwanin madara ɗaya, wasu suka zube cikin ramin gefen shasi inda hannu ba ya kaiwa, autanka kuma ya kwashi sauran yana wasan 'yar kasuwa da su.

Aka zo ɗagawa. Fuskar ba ta da wani nauyi, amma faɗi gare ta kuma tana lanƙwasa. Idan aka murɗa ta, fentin sama ya tsattsage. Ƙa'ida ita ce mutum biyu, kowa a gefensa, a liƙa tef a bakin ƙofofi don kada su karce, a ɗan buɗa gefen baya a ja gaba a hankali, bayan an tabbatar an zare wayoyin fitilu duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san wannan ban da kai. Sai da ka gwada kai kaɗai ta ƙi, sannan ka kira matarmu daga kicin tana tsaka da tuƙa tuwo. Kuka ja, kuka ji tas, wayar sigina ta gefe da ka manta ta tsinke. Tuwo ya ƙone, sigina ta mutu, ita kuma fuskar kuka rasa inda za ku ajiye ta, kuka kai ta ɗakin baƙi kuka shimfiɗe a kan gado, har da bargo. Yanzu na gane abin da ya sa duk sanda na ce zan kawo ziyara sai ka ce in bari sai an kwana biyu. Ubangidanka ba shi da masauki, ɓawon mota yana da.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma akwai wata cuta da ke kama duk wanda ya buɗe gaban motar nan, sunanta “tunda an buɗe”. Lagiretonta a kwance yake a saman akwatin gaba, iska tana shiga ta baki ta fita ta sama, ruwan kuma yana bin dogayen bututu ta gefen shasi har zuwa inji a baya. Ba a isa gare shi sai an cire fuska. Ka dube shi ka ga ya tsufa, ka ce tunda an buɗe bari a sauya. Ka ga ƙarfen da ake ɗaura igiyar jan mota ya yi tsatsa, tunda an buɗe. Fanka, tunda an buɗe. Robobin ruwa, ham, tunda an buɗe. A nan kam ba zan zalunce ka ba, masu motar da suka san ta haka suke yi, don wahalar buɗewa ta fi kuɗin kayan, kuma babu mai son ya maimaita. Kuskurenka shi ne ba ka yi wannan lissafi kafin ka taɓa noti na farko ba. Da ka tanadi kayan tukuna, da an yi komai a zama ɗaya. Sai ga shi kowane mako ɗan aike yana ƙwanƙwasa ƙofa da sabon kwali, matarmu tana sa hannu tana karɓa tana haɗiye magana. Kuɗin fitila biyu sun haihu, 'ya'yan sun yi jikoki. Kuma ina tuna maka tun yanzu: wanda ya sauya lagireto a motar nan dole ya fitar da iskar da ta shiga bututun nan dogaye, domin injin da ke bayanka kowa ya san ba ya jure zafi. Ka bar iska a ciki, gasket ya ƙone, sai ka koma baya ka fara wata fiɗar.

Yanzu mu zo kan waya, inda ka fi ba ni dariya. Kowace fitila wat 55 take ci, biyu 110 ke nan. A raba da bolt 12 na batir, ya ba da amfiya 9 da 'yan kai. Wannan wuta ba a bi da ita ta makunnin da ke jikin sitiyari, sai ya narke. Rile ake sawa: waya mai kauri ta taso daga batir, ta bi ta fis mai amfiya 15 da aka sa dab da batirin, ta shiga rile, ta fita zuwa fitilu. Wata siririyar waya kuma ta taso daga layin doguwar fitila ta je ta tayar da rilen. Sa'arka ma batirin wannan ƙirar a gaba yake, tafiyar ba nisa. Duk ka yi wannan daidai, na yaba, don littafi ya faɗa kuma ku Zagezagi ba a raba ku da littafi. Sai aka zo wayar at, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Ka tuna yadda rewaya yake yi a gida, ya kankare fenti a ko'ina a bodi ya ɗaure. Kai ma ka samu wuri mai kyau ka huda ka ɗaure tamau. A jikin faiba! Dokta, faiba ba ta ɗaukar wuta. Yaron rewaya da bai yi aji uku ba ya san at sai a jikin ƙarfe, a motarka kuwa sai a wurin da aka tanada a shasi ko a kan batir kai tsaye.

Da ka gwada a lokacin, da ka gane cikin minti ɗaya. Ina! Sai ka sake kiran matarmu, kuka ɗauko fuska daga gado, kuka mayar, ka yini kana ɗaure notina, ka sa tayu, ka sauke mota, ka tara yara da maƙwabci su zo su ga haske. Ka kunna. Shiru. Ka kashe ka sake kunnawa. Shiru. Aka ce tsohon Baturen nan bai ce komai ba, ya dafa kafaɗarka kawai ya koma gida. Ƙofar dama kuma ta ƙi rufuwa sai an ɗaga ta, saboda washa-washan da autanka ya yi ciniki da su, ga notina uku sun yi saura a gwangwani ba a san mazauninsu ba. Haka ka sake kwance komai, fuska ta koma ɗakin baƙi, har yau tana can. Darasin bai fi layi ɗaya ba: a gwada fitila, a saita inda take haskawa, a tabbatar babu yoyo, kafin a rufe. A wannan aiki ɗaura fitilar ce ƙaramar magana. Kwancewa da mayarwa su ne aikin.

Kuma ko ta kama, da sauran rina a kaba, don ƙasar da kake zaune ba a wasa da fitila. Irin wadda ka saya mai dogon haske ce, tana harba shi nesa a tsuke, abokiyar doguwar fitila. Ba ita ce fitilar hazo ba, wadda ke shimfiɗa haske a ƙasa da faɗi. Dokar fitilun mota ta Birtaniya ta 1989 ta ce irin taka dole ta mutu da zarar ka mayar da fitila dim, don kada ka kashe wa mai tahowa ido. Ta hazo kuwa ba a kunna ta sai idan ba a iya hangen abin da ya wuce mita 100. Ga binciken lafiyar mota na shekara-shekara da ake yi wa duk motar da ta wuce shekara uku, ga 'yan inshora da suke so a sanar da su duk wani sauyi da aka yi wa mota. Wannan doka ta dim ita kaɗai ce abin da zan so ka sako mana a jaka idan za ka zo gida. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da dare ya san masu jera fitilu a goshin mota, su haske ka har ka rasa inda titi yake, ka yi musu alama su rage su ƙara maka. Ba a ƙirga rayukan da wannan ya ci ba, amma kowa ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda shi.

Don in ɗan sanyaya maka rai, ka sani fitila ta kayar da waɗanda suka fi ka. A tseren Monte Carlo na 1966, ƙananan motocin Mini na Ingila su suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, Timo Mäkinen a gaba, sai Rauno Aaltonen, sai Paddy Hopkirk. Alƙalai suka yi ta binciken motocin, suka ƙare a kan ƙwan fitila: wai irin da aka sa bai dace da ƙa'ida ba. Aka soke su duka, har da Roger Clark da ya zo na huɗu a Lotus Cortina, 'yar gidan su motarka. Aka miƙa kofi ga Pauli Toivonen mai tuƙa Citroën. Har yau Ingilishi ba su huce ba. Bambancinku ɗaya ne: su sun gama tseren kafin fitila ta kayar da su, kai tun a gareji ta yi maka kaye.

Ga shi yanzu Yuni ya kama. A Manchesta rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, gari ya waye tun kafin ƙarfe 5. Lokacin da masu irin motarka suke cire rufi su fita yawo ke nan, ba mai buƙatar ko fitilar kamfani, balle ƙari. Kai kuma kana bas kana leƙensu ta taga. Kafin ka gama haɗa ta hunturu ya dawo, ka ce gishiri, ka rufe ta da tampol. Na kuma ji wai kana cewa idan ta ishe ka gida za ka turo ta. Kada ka soma. Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka bar tuƙin Ingila, kuma tudun rage gudu na farko a Kwangila zai ƙarasa abin da ka fara.

Magana ta gaskiya, motar nan ba ta cancanci haka ba. An daina ƙera ta a 2021, bayan an yi kimanin 35,000 a shekara 25, ta ƙarshen da aka sayar kuma Elisa ɗin nan aka miƙa wa, wadda tana 'yar ƙarama aka sa wa motar sunanta. A kan shasinta kamfanin Tesla ya gina motarsa ta farko a 2008. Abin da ba za a sake yin irinsa ba amana ne a hannun wanda ya riƙe shi, ko da Bazazzagi ne.

Saboda haka ga hukuncin ubangida, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ka nemi bakaniken da ya san irin motar, ka biya shi, ka tsaya a gefe kana miƙa masa sifana, kada ka ce masa a littafi ba haka aka ce ba. Idan girman kai ya hana, to ka kai wa tsohon maƙwabcinka goro, ko abin da suke karɓa a madadin goro, ya tsaya a kanka: a mayar da at wurinta, a gwada, a jera washa har ƙofa ta rufu da yatsa ɗaya, sannan a ɗaure. Ka saya wa matarmu turmin atamfa na tuwon da ya ƙone da kwalayen da ta karɓa. Ka share ɗakin baƙi. Ka kira gwaggo ka gaya mata gaskiya, don har yanzu tana faɗa wa mutanen unguwa wai ɗanta yana ƙera mota a Ingila.

Kuɗin sharar bana kuwa na riƙe su, ba za ka ga ko sisi ba sai ranar da matarmu ta shaida da bakinta cewa fitilu biyun sun kama kuma babu notin da ya yi saura. Zagezagin da ke jin an taɓa ɗan'uwansu, fili a buɗe yake, ku rubuto. Sai dai kafin ku ɗauki alƙalami, ku fara tura masa bakanike.